Motoci Uku a Gidan Haya

Turarensa ne ya riga shi shiga ɗakin gwajin ido na asibitin filin jirgi. Matuƙin jirgin sama ne, dogo, mai fara'a, ya zo binciken lafiyar da ake yi musu kafin a sabunta lasisi, ita kuma ita ce mai gwada idanu. Kafin ya gama karanta haruffan allo wayarsa ta yi ƙara sau uku, kowa da buƙatarsa, amsarsa kuma ɗaya: an gama, duba wayarka. Ta taɓe baki. Amma da ya ɗago ya yi mata murmushi, sai da ta manta layin da suke.

Bayan sati ya aiko mata da jakar hannu da ta fi albashinta na wata shida. Ta mayar. Sai ga saƙo:

"Hasken idona, me jaka ta yi miki? In launin ne, in aiko uku ki zaɓa."

"Launin ya yi, Kyaftin. Hankalin mai sayen ne bai yi ba."

Ya yi dariya, hira ta ƙullu. Duk garin da ya sauka sai ya kira ta kafin ya cire takalmi, har ta saba.

Ranar da ta kai masa ziyara ita da ƙanwarta ne abin ya tsaya mata a rai. Motoci uku a harabar gida, gidan kuma na haya. A falo ƙarti shida a baje kan kujeru, kwanukan jiya a ƙasa ƙudaje na bi, ɗaya sanye da rigar Kyaftin yana sakace haƙori da katin banki. Ta toshe hanci. Ta ja shi gefe ta tambaye shi abin da ya ajiye a shekara tara da ya yi yana tashi. Ya ce ai wata mai zuwa ma akwai albashi.

Babanta ya fi ta ƙyamar abin, don shi ma matuƙi ne a da. Hawan jini ya sa aka karɓe lasisinsa yana ɗan arba'in da bakwai. Masu cika masa falo suka watse, motoci suka bi su, iyali suka koma ɗaki biyu. Da Kyaftin ya zo gaisuwa, tsohon bai ko dubi kayan da ya jibgo ba.

"Aikinmu, ɗana, likita ɗaya ke ƙarar da shi a safiya ɗaya. Na riga na yi wa uwarta haka. Ba zan ba ka 'yata ka maimaita ba."

Kyaftin ya fita a sanyaye. Wata biyu ba kira, sai gaisuwa a taƙaice. Rannan ta hango shi a gidan abinci da wata mata mai tabarau, sun haɗa kai suna dariya. Ta tura masa: "Allah ya sanya alheri." Ta koma ofis ta yi kukanta a bayan na'ura.

Washegari sai ga shi da matar. Ashe mai ba da shawara ce kan ajiya da fansho, har jikoki gare ta. Ya sayar da motoci biyu ya sayi ƙaramin gida, ya yi inshorar lasisi, ya sa banki na cire kashi ɗaya cikin uku ranar albashi tun kuɗin bai zo hannunsa ba. Ƙartin falo kuwa, da ya rufe hannu, ko sallama ba su yi ba. Ɗaya ma da talabijin ya tafi.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya, hasken idona. Na tsaya na dubi falon nan da kyau, ni ma sai da na toshe hanci."

Baba ya sa tabarau ya karanta takardun shafi-shafi, sannan ya ce a turo manya.

Biki aka yi ƙarami, 'yan uwa da abokan aiki. Da za ta tafi, tsohon ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Ka fi ni sa'a, tun kana sama aka faɗa maka. Allah ya yi muku albarka, ya sauke ka lafiya a duk inda ka tashi."