Albasar Tela

Auta na zaune a tsakar gida tana gyaran irin albasa, amma kunnenta yana ɗakin Kaka, inda ake zancen aurenta.

"Tela fa ka ce?" in ji Kaka. "Gonar nan ubana ya sare dajinta, ni na ɗora, kai ka gada har ga shi kana shugabancin ƙungiyar manoma. Sai in ba da jikata ga wanda bai san fartanya ba?"

Mahaifinta ya ce, "Yaron na da natsuwa, Baba."

"Natsuwar za su ci? A yanka masa fegi a bakin rafi, ya noma albasa in gani."

Auta ta shige ɗaki ta sha kukanta, don ta san hannun masoyinta bai san komai ba sai almakashi.

Shi kuwa Tela da murnarsa ya karɓi fegin. Tun a satin farko tafinsa ya yi bororo, riƙon allura ma ya gagare shi. Da ya zo cirar ciyawa, sai ya tuge rabin albasar ya bar ciyawa tana sheƙe ayarta. Yayyen Auta suka yi dariya har da riƙe ciki.

Babban yayanta ya ja shi gefe. "Bar mana, mu gyara maka a ɓoye. Kaka ba zai sani ba."

"Filis ka yarda," in ji Auta, idonta taf da hawaye. "In ka faɗi, shi ke nan an raba mu."

"Ke nake so, Auta, amma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Ta yi fushi, daga baya ta huce. Kullum Tela ya rufe shagon ɗinkinsa da la'asar yana rafi, yana tambayar tsofaffin manoma ba kunya.

Da girbi ya yi, Tela ya dire kwando ɗaya tal gaban Kaka, albasa ƙanana kamar maɓallan riga. Auta ta laɓe bayan ƙofa.

Kaka ya ɗaga ɗaya ya juya, ya yi dariya har da tari.

"Noma dai ba ka iya ba, ko kaɗan. Amma yayanta ya gaya mini tayin da ka ƙi. Noma ana koyonsa, ni zan koya maka. Na ba ka ita."

Kafin damina aka sha biki. Auta ta gane haƙuri da gaskiya sun fi dabara saurin kai masoya gida, ko da dangi sun tare hanya.