Digirin Shagufta

Ranar da baffan Shagufta ya ƙwanƙwasa ƙofarsu a unguwar Karama, can ƙasar Larabawa, tana tsaka da yanka albasa. Shekarar 2002 ce. Baffan nan, Chaudhri Liyakat, wanda ya cinye gonar mahaifinta tun tana marainiya, wanda ya ce ta mutu a wurinsa ranar da ta auri Malam Zailani, Bakano mai koyar da lissafi, yau shi ne tsaye da kwalin alewa yana cewa, "'Yata!" Dalilin wannan ƙauna bai daɗe a ɓoye ba. An yi doka a ƙasarsu Pakistan cewa sai mai digiri zai tsaya takara, kuma duk gidan Chaudhri, da rawunansu da motocinsu, babu mai digiri sai ita.

"Kujerar tamu ce, ke ɗumama ta za ki yi," in ji shi. "In an ce ɗaga hannu, ki ɗaga."

Ta tafi, ta ci zaɓe. Abin da suka manta shi ne mai digiri tana iya karatu. Ta karanta ƙudurin da zai karkatar da ruwan noman ƙauyuka zuwa gonakin baffanta, ta miƙe a majalisar lardi ta ce a'a. Aka janye mata direba, aka rufe mata gidan da aka haife ta, aka baza cewa baƙin mijinta ne ya yi mata asiri. A ƙarshe baffan da kansa ya kai ƙara wai digirin na bogi ne... digirin da ya tsallako teku ya zo ara! Aka tsige ta, ɗansa ya hau kujerar da wani digiri da ya ɓullo dare ɗaya.

Ta ɗaukaka ƙara, ta dawo Karama da jaka ɗaya da wani tari da ya ƙi tafiya. Maƙwabciyarsu Hajiya Safiatou, 'yar Damagaram mai harkar kago, wato aika kaya ta jirgi, takan shigo da kunu.

"Yalla, Madam depite 'yar majalisa, sha ko shwayya, ko kaɗan ne. Allah ya isar miki!"

"Hajiya, sun ɗauke gona ban ce komai ba," in ji Shagufta, hawaye na sauka ba ta share ba. "Amma karatuna... Da yunwa na yi shi. Ya Allah, Kai ka gani!"

Kullum Zailani yakan sayo jaridar Urdu da ba ya iya karantawa, ta duba ko an ambaci shari'arta, ta ninke. Haka shekaru suka wuce, har tarin ya kwantar da ita a asibiti.

Zailani yana cikin aji lauyanta ya bugo. Tsofaffin malamanta mata sun je kotu sun shaide ta. An wanke ta tas! Digirin ɗan Chaudhri ne ya fito na saye, shi kuwa Chaudhri an ɗaure shi kan shaidar zur. Zailani ya ɗauki waya zai kira ta, sai ya fasa. Fuskarta yake so ya gani. Ya tare tasi, suka faɗa cunkoson hanya, yana ta gyara jimlar a ransa kamar ɗalibi mai harda.

A bakin ɗakinta na asibiti ya tarar da Hajiya Safiatou zaune a ƙasa, riƙe da tabarau ɗin Shagufta.

"Malam... sai haƙuri."

Bai yi kuka ba. Ya shiga, ya tsaya gaban farin mayafin, jimlar tana nan a bakinsa yadda ya shirya ta: Shagufta, sun yarda kin yi karatu.