Kwakwar Da Ta Ƙi Nutsewa

Ranar da Wardina ta shiga shagon Hilmi mai tabarau a bakin kasuwar Marang, wani gari na gaɓar teku, ba tabarau ta kawo gyara ba. Wani ƙaton gilashi mai bakin roba ta dire a kan tebur, irin wanda masu nutso a teku ke rufe ido da hanci da shi.

"Abang, ana iya sa wa wannan gilashin magani? Na fara ganin kifi ɗaya ya zama biyu." Abang a yarensu shi ne Yaya.

Hilmi ya zaunar da ita gaban na'urar awon ido, ya ce ta kalli tsakiya, kada ta ƙifta. Ita kam ba ta ƙifta ba. Shi ne ya manta abin da yake aunawa.

"Da matsala ne?" ta tambaya da ta ji shirun ya yi yawa.

"Babu! Idanun nan ai... wato na hagun ne ke son ɗan taimako."

Cikin hira ta gaya masa ita ce ke koyar da sababbin shiga a ƙungiyar masu nutso ta garin, duk Asabar suna tsallakawa tsibirin Kapas.

"Ikon Allah! Ni da na daɗe ina neman inda zan koya!"

Ƙarya ce tsagwaronta. A bakin teku aka haifi Hilmi, amma ruwan bai taɓa wuce gwiwarsa ba. Tun da ƙanin mahaifiyarsa ya fita kamun kifi bai dawo ba, mahaifiyar tasa, Mok Jah, ta kafa doka: ɗanta tilo da teku sai dai kallo. Don haka da Asabar ta zo, ce mata ya yi wani kwas na ƙarin sani zai fara zuwa.

A bakin tsibirin aka miƙa masa rigar roba. Ya shiga bayan bukka ya yi ta kokawa da ita, ya fito yana haki, zif ɗin a gaba.

Fakhrul, wani tsohon ɗan ƙungiya mai yawo da kyamara a wuya, wanda kowa ya san ya daɗe yana yi wa Wardina shawagi, ya tuntsire da dariya.

"Malam, baibai ka sa! Ko da baya za ka riƙa numfashi?"

Da aka zo shiga ruwa, Hilmi ya tsaya cak inda ya saba tsayawa. Wardina ta dube shi, ta dubi ruwan da ya tsaya masa iya gwiwa.

"Abang, tsakaninka da Allah, ka iya iyo?"

"Ina dai da niyya, Malama."

Ta juya baya don kada ya ga dariyarta. Daga ranar, kafin sauran su iso, sai ta koya masa iyo a inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ya sha ruwan gishiri har ya daina sa gishiri a abinci.

Da ya iya, aka goya masa tukunyar iska, aka sa masa tiyo a baki. Sai wata sabuwa ta ɓullo: Hilmi ya ƙi nutsewa. Tsoro ya sa yake cika ƙirji da iska, kowa ya yi ƙasa, shi yana sama yana lilo, ƙafafu na harbin banza.

"Kai ba mutum ba ne, kwakwa ce!" in ji Wardina. Suna ya bi shi.

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Abang Kwakwa, ka saki numfashi, ruwa ba ya faɗa da wanda ya sakar masa jiki. Ina kusa da kai, ba zan bari komai ya same ka ba."

Ya mayar mata:

"Malama, ba laifina ba ne. Duk sanda kika kalle ni ta gilashin nan da na gyara, numfashin ne ke ƙin fita."

"To gobe zan rufe ido. Ka ci abinci?"

Haka saƙonni suka yi ta yawa, "Malama" ta koma "Dina", har Fakhrul ya lura. Wata rana suna wanke kaya ya matso kusa da Hilmi.

"Ɗan'uwa, shawara ce kyauta. Ka daina wahalar da kanka, Datuk ne a gabanta. Dattijo ne, gidansa na bayan tsibiri, duk mako sai ta je gaishe shi."

Hilmi ya saki kayan da yake wankewa. Ina mai shagon tabarau, ina ja da mai sarautar Datuk? Ya daure ya tambaye ta ko gaskiya ne.

"Datuk? Akwai shi mana!" Fuskarta ta washe. "Ka ga idanunsa kuwa? In ya hango ni har biyo ni yake yi."

Asabar ta gaba Hilmi bai je ba. Ya zauna a shago yana goge tabarau ɗaya har ya kusa huda shi. Da azahar ya tura mata:

"Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Datuk. Ni dama kwakwa ce, duk inda igiyar ruwa ta kai ni, nan ne gidana."

Amsa ba ta daɗe ba:

"Ka zo ranar Asabar in haɗa ku. In ka gan shi ka ce ka haƙura da ni, shi ke nan."

Ya zo cikin rigarsa ta zuwa biki, wadda ta sha guga, da ledar tsaraba a hannu. Wardina ta dube shi sama da ƙasa, ta cije leɓe, ta ce ya canza kaya, gidan Datuk ba a shigarsa da takalmi.

Ranar ko don baƙin ciki ne, Hilmi ya saki numfashi gaba ɗaya, sai ga shi yana sauka a hankali kamar kowa. Ta ja hannunsa suka bi gefen duwatsun murjani. A ƙarƙashin wani dutse ta nuna masa wani ƙaton tsohon kunkurun ruwa, bayansa duk gansakuka, yana tauna abincinsa yana kallon Hilmi a wulaƙance. Wardina ta dafa ƙirji ta rusuna masa. Ashe Datuk ɗin ke nan.

Dariya ta ƙwace wa Hilmi, ruwa ya cika masa gilashi. Ya ɗaga kai ya hura ta hanci yadda aka koya masa, ruwan ya fice, shi ko gezau bai yi ba. Sai da suka hau jirgi ya tuna ya kamata ya ji tsoro.

"To, ka haƙura?" ta tambaya tana gyara ɗankwalinta.

"Dina, ko Datuk na gaske ne, sai dai mu raba gari. Yaushe zan turo manya?"

Fakhrul dai ya duƙufa kan kyamararsa, bai ɗago ba har aka iso gaɓa.

Saura Mok Jah. Dama ta fara zargin kwas ɗin nan da ke mayar mata da ɗa baƙi ƙirin, da shatin gilashin nutso zagaye da fuska. Rannan tana suyar keropok, wato wainar kifi, a rumfarta, ta hango wata yarinya daga tsallaken titi ta tsare Hilmi da ido, ta ja hannu a maƙogwaro, alamar yanka. Wardina ce, bitar jarrabawar nutso suke yi, alamar "iskata ta ƙare" ke nan a wurin masu nutso. Mok Jah ba ta san wannan ba. Ta tsallaka titi da matsami a hannu.

"Wa za ki yanka? Ɗan nawa? Fara da ni, mara kunya!"

Kafin a raba, rabin kasuwa ta taru, asirin kwas ya tonu. Mok Jah ta saki matsamin, muryarta ta sauka.

"Teku ya ci mini ƙane, Hilmi. Yanzu kai za ka kai masa kanka? Ban yarda da nutson ba, ban yarda da mai nutson ba."

Washegari da sassafe Wardina ta zo rumfar, ta gaishe ta, ta wanke hannu ta hau murza ƙullun kifi. Mok Jah ba ta kula ta ba. Ta sake dawowa, ta kuma dawowa, har ranar da tsohuwar ta ce, "Ba haka ake murzawa ba, kawo in nuna miki."

Nan Wardina ta samu bakin magana.

"Mok, ba zan ce miki teku ba shi da haɗari ba. Amma a dokarmu ba mai shiga shi kaɗai. Kowa da abokin da ke lura da numfashinsa. Ni nake so in zama tasa, a ruwa da tudu."

Mok Jah ta ce sai ta gani da idonta.

Aka ɗora ta a jirgi da rigar ceto biyu, tana ta salati. A wurin da ruwa yake garau, Wardina ta sa mata gilashi, ta riƙe ta, ta leƙa. Ga Hilmi can ƙasa cikin natsuwa yana ɗaga mata hannu, kifaye masu launi-launi na kewaye shi. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Oh ni Jah!" ta ce da ta ɗago, ruwa da hawaye sun haɗu a fuskarta. "Tun ina budurwa nake daka kifi, ashe ban taɓa ganinsu da kayan sallarsu ba. Ke, ce masa ya fito haka nan, shinkafa na hucewa."

Da damina ta kankama aka rufe shiga teku, sai aka sa biki. Mahaifin Wardina ya riƙe hannun ango gaban liman, Hilmi ya karɓi aure da lafazi ɗaya, bai yi tuntuɓe ba. 'Yan ƙungiya suka cika rumfa, Fakhrul ne ma ya ɗauki hotuna, kuma sun yi kyau.

Da aka zaunar da ango da amarya a kujerar biki, Mok Jah ce ta fara zuwa. Ta yayyafa musu ruwan wardi a tafin hannu, ta dafa kan Wardina.

"Na ba ki amanarsa, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana, ba irin wannan ba."

"Amin, Mok," in ji su tare.

Hilmi ya karkato ya raɗa wa amaryarsa, "Dina, hannuna rawa yake yi."

Ta damƙe shi a cikin nata. "Nawa ma, Abang. Bar su su yi tare."