Tabon Bayan Kunne

"Mama!"

Daw Hla Myaing ta saki tiren shayi, ta durƙusa gaban yarinyar da ɗanta Thiha zai aura, wadda ya kawo gaisuwa.

Nwe Yi ta ja da baya. "Inna, lafiya? Ni ce fa..."

Sanda, 'yar maƙwabta da ta daɗe tana son Thiha, ita ce ta ɗage mata gashi, wai za ta maƙala mata fure. Sai ga baƙin tabo a bayan kunnen hagu, kamar an dangwala da yatsa.

"Da hannuna na shafa wa gawar mahaifiyata baƙin tukunya a nan, don mu gane ta in ta dawo. Shekara ba ta zagayo ba aka haife ki!" Daw Hla Myaing ta juya ga ɗanta. "Jika ba ya auren kakarsa."

Sanda ta sunkuyar da kai, tana danne murmushi.

A bakin kogi Thiha ya tsare Nwe Yi da ido.

"Ƙanwata, kin tuna wani abu?"

"Me zan tuna?" Ta shafa tabon. "Amma fa... da na shiga gidanku, ban tambayi inda randa take ba."

"Kowace randa a ƙofa take!"

"To, jikana, share hawayenka."

"Kar ki ƙara!"

Suka yi dariya, sannan ta fashe da kuka.

Aka kai magana wajen malamin gidan ibada, ya ce wanda aka sake haifa ba shi ne na da ba, ba kuma wani daban ba ne. Kowane ɓangare ya ce shi aka bai wa gaskiya.

Saura mutum ɗaya: U Po Kyaw, kakan Thiha, mijin marigayiyar. Kowace safiya yakan ɗiga ruwa a ƙasa domin lada ta iske matarsa duk inda take. Nwe Yi ta je da kanta, ta durƙusa, dangi na biye da ita.

"Kaka, ni ce matarka?"

"Matata ta fi ki kyau."

"Baba!" in ji 'yarsa. "Dubi tabon!"

"Na gani. In ba ita ba ce, ina ruwanki? In ita ce, matata ce, ni ke da magana." Ya dubi yarinyar. "Kina son yaron nan?"

"Kamar raina..."

"Na sake ki. A yi biki."

Daw Hla Myaing ta buɗe baki.

"Rufe. Da, uwarki ta sha gaya miki surutunki ya yi yawa."

Ranar biki aka haɗa hannayensu cikin kwanon azurfa, aka zuba ruwa. Sanda ba ta zo ba.

Amarya ta kawo wa tsohon kwaɗon ganyen shayi. Tana magana da wata, yatsunta na tsince soyayyiyar tafarnuwa ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a gefen faranti.

"Wa ya ce miki ba na ci?"

Ta dubi hannunta. "Ba kowa, Kaka. Me na yi?"

"Ba komai. Je ki wajen mijinki."

Washegari da safe tsohon ya ɗauki butar da yake ɗiga wa matarsa ruwa. Ya daɗe a tsaye. Ya mayar da ita a cike.