Lambar da Ta Rage a Bakin Rami

A kasuwar Gamboru Mikail ya fara ganinta, durƙushe gaban rumfarsa ta tsofaffin ƙarafa, tana tona buhu.

"Wushe, 'yammata," ya gaishe ta da Barbarci. "Me ya ɓata?"

"Wata 'yar lambar tagulla ce ta kakana, aka haɗo ta cikin tarkacen da aka sayar muku. Tun jiya bai ci abinci ba."

Ya gano mata ita: girmanta kamar kwabo, an buga 417. Duk zafin Maiduguri sanyi ƙalau take, ta kuma bar masa baƙi a tafin hannu. Shi ba wannan ya dame shi ba, sunan yarinyar ya nema. Siddiƙa. Kafin wata uku ta koma "Sanyin idona", gogan naku kuwa da waya ta yi ƙara sai murmushi.

Siddiƙa marainiya ce, kakanta Baba Ajimi ne waliyyinta. Da manyan Mikail suka je gidansa neman aure, tsohon ya girgiza kai.

"Yaron ba shi da aibu. Amma wanda ke cikin rami ba ya ba da aure. Ni ban fito ba tukuna."

Siddiƙa ta sha kuka, ta ɗauka rikicin tsufa ne. Mikail ya koma shi kaɗai ya durƙusa. Baƙar ƙura ce kwance a tabarmar tsohon, alhali kullum da safe ana share ta.

"Ɗana, da ƙuruciyata na yi haƙar kwal a Enugu. In za ka shiga rami sai ka rataye lambarka a allo, in ka fito ka cire. Da haka ake sanin wanda ya rage ciki. Ranar da rami ya rufta na fito a gigice, na fizgi lamba, na faɗa jirgin ƙasa. Sai a hanya na duba, ashe ta abokina Alfred ce. Tawa 471 tana rataye, ka ga ɓangarena za a yi ta tonawa. Shi yana can wani ɓangaren, ba mai nemansa. Tsoro ya hana ni komawa."

Mikail ya miƙa hannu. "Baba, ba ni in mayar."

Kwana uku bayan nan saƙonsa ya shigo wayar Siddiƙa: "Sanyin idona, na iso Enugu. An daɗe da daina aiki a nan, ciyawa ta cinye layin dogo. Ba kowa, amma iska mai sanyi na fitowa daga ramin kamar numfashi."

Ta amsa: "Nawan, tsoro nake ji. Ka yi ta addu'a. Ko ba ka samu ba ka dawo, kai nake so."

Da tambaya ya kai ga wata dattijuwa, Florence, 'yar Alfred. Ta kalli lambar, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Shekara sittin ana ce mana ya fito ya gudu ya bar mu. Uwata da wannan baƙin cikin ta mutu."

Ita ta raka shi wani kangon ɗaki a bakin ramin. Ƙusoshin allon duk sun yi tsatsa, guda ɗaya ce kawai ke ɗauke da lamba, tana lilo ba tare da an taɓa ta ba. Mikail ya yi bismilla ya cire ta. Florence ta rataye ta mahaifinta, lilon ya tsaya cak.

"Ka ce wa tsohon na yafe," in ji ta.

Da Mikail ya isar da saƙon, ya ɗora 471 a tafin Baba Ajimi, tsohon ya damƙe ta yana hawaye.

"Da ɗuminta. Alhamdulillahi, na fito. Ku kira liman."

Ranar Asabar aka ɗaura aure, da bakinsa tsohon ya ba da Siddiƙa, ya yi ta sa musu albarka har muryarsa ta dishe. Kafin a kai amarya, Siddiƙa ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin kakanta kamar kullum. Ta tarar da tabarmar tas, babu abin sharewa.