Lallen Raihana

Ku matso kusa! Ni nan na ci tuwon biki fiye da yawan gashin gemuna, amma ban taɓa ganin aure irin na Raihana 'yar Malam Isyaku na Sandamu ba.

Da hantsi ne. Raihana na zaune a gindin ɗan lallen da saurayinta Yazid ya kawo mata dashensa daga Daura. Tana shafa ganyen, tana hango tafinta ya yi ja, ana guɗa, ita kuma kamar tana yawo a gajimare. Sai ga Laraba, uwar Yazid, ta faɗo gidan, sallamar ma rabi.

"Malam, wai da gaske kotu za ku?"

Abin ba daɗin faɗa. Sagir, ɗan ƙanin Laraba, shi ya tare Raihana a hanyar gona ya yi mata fyaɗe, ga biki ya matso.

Laraba ta ce, "Haba Malam, zumunci fa! A kira mai unguwa, yaro ya durƙusa a zaure ya ba da haƙuri, a rufa asiri!"

Malam Isyaku ya dubi 'yarsa. Hawaye na zuba ta ce, "Inna, asirin wa za a rufa? Nawa ko nasa? Wallahi ba zan sa lalle ba sai alƙali ya yi magana."

"To in kika taka kotu, akwatunan lefenmu su dawo!"

Can a tasha kuwa samari sun ritsa Sagir da gorori. Sai ga Yazid, ɗan acaɓa ne, ya kutsa da mashin tsakiyarsu.

"Ku dakata!"

"Kai da aka cuci budurwarka, kai ke tare mai?"

"Zuciyata ta fi taku tafasa. Amma in kuka kashe shi, a gaban wa Raihana za ta faɗi nata? A ji bakinta, a ji nashi!"

Ya ɗora shi a baya, sai ofishin 'yan sanda.

Gari ya ɗauka. A teburin mai shayi wannan ya ce a dandaƙe masu irin wannan aiki, wancan ya ce ai sulhu alheri ne, wani ya ce in kuma ƙazafi ne fa? Ni na raba musu gardamar, ko da yake sun ce minshari nake.

Kes ya yi ta ja. Yau loya bai zo ba, gobe an ɗaga. Damina ta wuce, gero ya shiga rumbu. Lallen ya yi tsawo har ya leƙa katanga. Raihana na tsinkar ganyen tana shanyawa, tana tarawa a ƙwarya. Da la'asar Yazid kan tsaya a zaure.

"Sori, ranki ya daɗe, an sake ɗagawa."

"Ba ka gaji ba?"

"Ni? Na riga na zaɓi fentin ɗakinki. Kalar sararin sama, ki dinga kwana cikin taurari."

A gida kuma ya ce, "Inna, akwati naki ne, ki ɗauka. Raihana kam ban fasa ba."

Ranar hukunci Laraba ta je don ɗan ƙaninta. Likita ta yi bayani, Sagir ya faɗi nasa ba wanda ya katse shi. Sannan Raihana ta miƙe ta faɗi komai. Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska. Alƙali ya tura Sagir gidan yari.

Washegari Laraba ta shigo gidan Malam, wannan karon sallama cikakkiya. Ta ɗauki ƙwaryar lallen ta juye a turmi.

"'Yata, ki yafe mini. Miƙo taɓarya, ni zan daka."

Jan da lallen nan ya yi, na rantse daga garin Zango ana hango shi!

To 'yan mata, kunya ta mai laifi ce, ba ta wadda aka zalunta ba. Ku kuma samari, ku aje gora, ku bar alƙali ya ji kowa. Mai haƙurin da bai yi shiru ba, shi ke sa lalle mai ja.