Arba'in da Shida a Ƙasan Takarda

Ranar Litinin da ƙarfe tara da kwata na safe aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Gummi. A ƙarshen mako an ɓalle kabad a wata ƙaramar kwalejin aikin gona da ke bakin gari, an kwashe takardun jarrabawa guda tamanin. DPO ya miƙa wa Sufeto Muttaka fayil ɗin, shi kuma ya hau babur ɗinsa.

Kabad ɗin na Malama Rita Andrew ne, 'yar Zuru, wadda ta shekara shida tana koyarwa a kwalejin a kan kwantiragi. Muttaka ya duba ƙofar. An sa ƙarfe an banƙare ta. A ciki ga rediyo, ga kalkuleta, ba a taɓa su ba.

"Malama, wace irin jarrabawa ce wannan da ɓarawo zai bar rediyo ya ɗauke ta?"

"Ta sabon darasi ce, Sufeto. Shekara biyu ina tsara shi. Lissafin yau da kullum ga duk ɗan aji ɗaya, ko wane sashe yake."

"Ba ku da malamin lissafi ne?"

"Muna da shi. Amma ɗalibi sai ya ci aljabara, ya fita gona ya kasa gaya wa manomi murfi nawa na maganin feshi zai zuba a tanki. Ni abin da nake koya musu ke nan: karanta tebur, kashi cikin ɗari, matsakaici. Da tiya da buhun shinkafa muke aiki. Na gwada da ɗalibai arba'in, jarrabawa ɗaya a farkon zango, ɗaya a ƙarshe."

Ta ce ranar Alhamis kwamiti zai zo daga Gusau ya duba takardun, ya yanke ko darasin zai shiga manhaja. Sannan ta miƙo masa wata takarda da aka buga da tafireta. Shugaban kwaleji ya tarar da ita a teburinsa da safen nan. Sunanta ne a sama, sai sunayen ɗalibai arba'in da makinsu na ƙarshe. Ba wanda ya kai hamsin, makin da ake ci da shi.

"A taron malamai na ce yawancinsu sun ci. Yanzu shugaba yana ganin ko dai ƙarya na yi, ko ni na ɓoye takardun. Ya ce in ba su fito ba kafin Alhamis, ba zai sabunta mini kwantiragi ba."

"Wa ya soki darasin a taron?"

"Malam Makau, mai lissafi. Da ƙarfi ma."

Malam Makau yana ofishinsa yana goge alli daga hannun rigarsa. Bai musa ba.

"Na soke shi, kuma gobe ma zan soke shi. Awon tiya ne, ba lissafi ba."

"Ranar Asabar ka shigo makaranta?"

"Ina Anka."

"Littafin maigadi ya ce ka shigo sha ɗaya, ka fita sha biyu."

Makau ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu shafuka. Kwafin misalan Malama Rita ne. Ya zo ne ya ɗauka a ɗakin buga takardu ranar da ba kowa, don ɗalibansa sun fara tambayarsa irin su.

"Kada ka gaya mata, don Allah."

Muttaka ya ajiye masa takardar makin. Tun a hanya ya ga wani abu a cikinta, yana so ya ga ko malamin zai ɓoye shi. Makau ya bi jerin da yatsa har ƙasa, sai ya ɗago a fusace.

"Wa ya yi wannan? Wanda ya fi kowa yana da arba'in da ɗaya, amma an rubuta matsakaicin aji arba'in da shida! Sufeto, in gonarka mafi albarka ta ba da buhu arba'in da ɗaya, ta yaya za a tara duka a raba daidai kowace ta tashi da arba'in da shida? Ka tuhume ni da sata in kana so. Amma kada ka ce ni na rubuta wannan."

Muttaka ya ninke takardar. Wanda ya ƙirƙire ta ba ya jin lamba a jikinsa. Wannan ya fitar da Makau daga zargi, ya kuma fitar da Malama Rita.

Daga nan ya nemi a buɗe masa sito. Mutum ba ya fita da ƙunshin takardu tamanin ta gaban maigadi, sai dai ya cusa su cikin wasu takardun. Jatau masinja ne ya zo da makulli. Kantar tsofaffin takardu wayam take, ƙura ta bar shatin kwalaye.

"Ina kwalayen da ke nan?"

"Gara ta ci, ranka ya daɗe. Mun ƙone."

"Ina tokar?"

"Iska ta kwashe."

Muttaka bai ja da shi ba. Duk wanda ya taɓa sayen soyayyen kifi a Gummi ya san inda tsohuwar takarda take ƙarewa.

Da azahar ya bi layin masu kifi a kasuwa, rumfa rumfa, yana sayen ɗan kaɗan yana duba abin da aka naɗe masa. Rumfa ta farko tsohuwar jarida. Ta biyu takardar siminti. A ta huɗu, wajen Inna Hure, ya warware ƙunshinsa ya karanta ta cikin maiƙo: Manomi ya auna tiya goma sha biyu daga kunya uku...

"Inna, wa ya kawo miki wannan?"

"Mi kake biɗa, ɗan nan? Kifi ka saya ko takarda?"

Ya nuna mata katinsa. Ta goge hannu a zani.

"Jatau ne, na kwaleji. Jiya ya kawo kwali guda. Ni ban san komi ba."

"Kin yi amfani da nawa?"

"Da dama. Jiya an yi ciniki."

Muttaka ya ji kifin ya fita ransa. Makin yana shafin farko na kowace takarda. In shafukan sun bi masu saye gida, an gama.

"Na gaban fa? Masu suna a sama?"

"Masu jan biro? Ai ba ni naɗe kifi da su. Jan yana zuba in ya ji mai, mutane su ce jini ne. Cire su nake in aje, in na tashi hura wuta."

Ta jawo wata roba daga ƙarƙashin benci. Muttaka ya tsuguna ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Tamanin cif.

"Inna, yau da me kika hura wutar?"

"Da kara. Ka yi sa'a, jikata ta kawo."

Ya karɓi kwalin ma. A gefensa an rubuta da babban baƙi: Sashen Darussan Gama-gari.

Da Jatau ya ga kwalin a kan babur, bai jira tambaya ba. Ya ce an hana sayar da tsofaffin takardu, shi ya sa ya ɗora wa gara. Amma wannan kwalin ba daga kanta ya ɗauke shi ba.

"Malam Sambo ya ba ni da hannunsa ranar Asabar bayan la'asar. Ya ce shara ce, in haɗa da sauran in kai wa masu kifi."

Malam Sambo shi ne shugaban Sashen Darussan Gama-gari, shekararsa ashirin da biyu a aiki. A taron malamai bai ce uffan ba. Kafin Muttaka ya shiga wurinsa sai da ya biya ofishin rajistara ya karɓi abu biyu: daftarin jadawalin baɗi, da rahoton shekara na sashen.

"Jatau maƙaryaci ne," in ji Sambo. "Kowa ya sani."

"Ya yi mini ƙarya da safe, gaskiya ne. Malam, duba mini wannan takardar makin. Ka ga wani kuskure?"

Sambo ya sa tabarau, ya karanta a nutse.

"Babu. Arba'in da shida ai faɗuwa ce. Darasin bai yi ba."

Muttaka ya buɗe rahoton shekarar.

"Sa hannunka ne wannan?"

"Nawa ne."

"Ka rubuta ɗaliban sashenka kashi saba'in cikin ɗari maza ne, kashi arba'in da biyar mata. Sun zama ɗari da goma sha biyar cikin ɗari. Mai wannan rahoton da mai waccan takardar hannu ɗaya ne. Ba ya lissafawa, sai ya sa lambar da ta yi masa kyau a ido."

Ya tura masa jadawalin. Awa biyun da za a ba sabon darasin a mako, daga darasin Sambo aka yanke su. In suka tafi, za a haɗe sashensa da wani. A ƙarshe ya ɗora kwalin a kan tebur. Ƙamshin kifi ya cika ofishin.

Sambo ya cire tabarau ya daɗe yana kallon kwalin.

"Shekara ashirin da biyu," ya ce. "Sai a zo da tiya a kore ni daga kujerata. Na rage wa kowa maki ashirin, wasu talatin. Matsakaicin da ke ƙasan takardar kuwa na ga in na sa shi ƙasa ƙwarai za a yi zargi, sai na sa abin da zai yi kama da gaskiya."

"Kai ka ɓalle kabad ɗin?"

"Da ƙarfen tayar motata."

Muttaka ya rubuta, ya karanta masa, Sambo ya sa hannu. Kofur ɗin da Muttaka ya kira daga ofis ya fita da Sambo ta ƙofar baya, don ɗalibai suna fitowa daga aji.

Malama Rita ta karɓi robar da hannu biyu. Ta zauna, ta jera shafukan bisa lamba, har ta kai na tamanin. Sannan ta sauke numfashi.

"Na gode, Sufeto. Amma yaya zan kai wa kwamiti takardu suna ƙarnin kifi?"

"Haka za ki kai su. Shaida ce, kada ki goge komai."

Ranar Alhamis Muttaka ya dawo karɓar sa hannun shugaban kwaleji. Ta taga ya hango 'yan kwamiti uku suna tara makin da kansu, ɗaya ya toshe hanci da hankici. Malam Makau ne a bakin allo yana raba musu jimillar da arba'in. Ya rubuta sittin da uku, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Shugaban ya sa hannu a takardar Muttaka, ya jawo ta kwantiragin Malama Rita ya sa a kanta ita ma. Muttaka ya rufe fayil ɗin, ya tayar da babur, ya nufi rumfa ta huɗu don ya mayar wa Inna Hure robarta.